Yaren Kalimu a Bakin Buraima

Idan ka shiga Sulay, unguwar sito-sito da garejojin da ke kudu maso gabashin Riyad, ka tambayi Hausawan wurin wane ne Buraima Indiya, ko wanda ya sauka jiya zai nuna maka shi. Dogo ne, baƙi, mutumin Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Shekararsa goma sha bakwai yana dakon kwalayen tayil a sito guda. Ni direban babbar motar kamfanin ne, sunana Mukhtari, Bakano, kuma na san shi tun gashinsa bai fara furfura ba. Har yau in an taru ana yabonsa kan abin da ya yi wa abokinsa Kalimu bara, tashi nake in bar wurin. Abin da ake yabon shi ne ya hana a kai wa wata tsohuwa gawar ɗanta. Da kyakkyawar niyya ya yi, kuma da hannuna a ciki.

Sunan Indiya ɗin ya samo shi ne daga ɗaki. Ranar da ya sauka, ɗakin 'yan Nijar a sakan, wato gidan kwanan leburori, ya cika taf, sai aka ce ya ɗan lallaɓa a ɗaki na goma sha huɗu na mako guda. Har yanzu makon bai ƙare ba. Ɗakin na Indiyawa ne, gadaje masu hawa biyu guda huɗu, mutum takwas. Ni dai ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan kwana a ciki ba. Warin man girkinsu ya kama bango, safa a rataye a kan taga, ga wata taba da wasunsu ke murzawa a tafin hannu su cusa a leɓe, su bi kowane lungu da tofi. Ba wai namu ɗakin ya fi tsabta ba ne, namu warin ne dai muka saba da shi. Buraima ya shimfiɗa tabarmar sallarsa a gadon sama, ya ce ai duk bayin Allah ne.

A gadon ƙasa akwai Kalimu, cikakken sunansa Kalimuddin Ansari, ɗan gajeren mutum mai sanƙo daga wani ƙauye kusa da garin Giridih. Musulmi ne, iyayensa masaƙa. Kalimu irin mutanen nan ne da harshensu ba ya juyawa. Ya shekara da shekaru a ƙasar nan, amma Larabcinsa bai wuce "yalla" da "mafi mushkila" ba. Tukunya guda suke girki da Buraima, kuma dole a yi maganar gishiri da albasa. Tun da Kalimu ya kasa koyon wani yare, sai Buraima ya ɗauki nasa yaren. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba, ko Faransancin ƙasarsu ba ya ji, cikin shekara biyu ya fara faɗa da Kalimu a yaren Kalimu, har yana cin galaba.

Shi a zatonsa Indiyanci ya koya. Wata Juma'a ya ja ni kasuwar Batha zai sayi agogo, yana ta cika baki zai sa a yi mana ragi. Ya tsaya gaban wani mai kanti Ba'indiye ya kwarara masa zance. Mutumin ya zuba masa ido kamar ya ga aljani, sannan ya kira maƙwabcinsa, su biyun suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Suka tambaye shi a wane jejin ya tsinci wannan magana. A ranar Buraima ya gane cewa abin da ke bakinsa sunansa Khortha, yaren mutanen ƙauye ne a yankin da ake haƙar kwal, a wata jiha ta gabashin Indiya mai suna Jharkhand, kuma ko a can 'yan birni raina shi suke. Bai ji kunya ba. Ya dawo ya zauna ya tsare 'yan ɗakinsu da tambaya har sai da ya rarrabe su ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ga, Mukhtari," ya ce mana, "jiha guda sunka hito, amma baki ba guda ba ne. Kalimu da Mahato su ka yin Khortha. 'Yan'uwan ga biyu na bakin ƙohwa Magahi su kai, shi sanyi gare shi, kamar mutum na lallashin jinjiri. Shi ko Firoz Bhojpuri ne, shi ya sa ko gaisuwa ya kai kamar shina kiran shanu."

Firoz shi ne foman ɗinsu. Mahato kuwa mai tuƙa injin ɗaga kaya ne, ɗan addinin Hindu, ƙauyensu ba nisa da na su Kalimu. Mu Hausawa muka saurara muka yi dariya, muka ce duk Indiyanci ne. Mu ɗin nan da ranmu ke ɓaci in Balarabe ya haɗa mu da Basudane da Bahabashe ya ce duk Afirki ne.

Akwai shekarar da rigima ta tashi a can jiharsu a kan waɗanne yaruka za a amince da su a jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Masu Khortha suna cewa su ne 'yan ƙasa, Bhojpuri da Magahi na baƙi ne, su kuma waɗancan suna cewa kakanninsu ma a nan aka binne su. Ta waya rigimar ta iso ɗaki na goma sha huɗu. Mutanen da ba wanda zai taɓa zama wata jarrabawa a cikinsu suka raba tukunya, suka daina gaisawa har wata biyu. Buraima ɗan Gidan Rumji ya tsaya kai da fata a ɓangaren Khortha kamar gadon ubansa ne. Na ce masa kai da ko taswirar wurin ba ka taɓa gani ba, me ya yi maka zafi? Ya ce shi dai ba a zagin yaren Inna a gabansa.

Innar da yake nufi ita ce Zaibun, mahaifiyar Kalimu. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Kalimu zai kira gida ta bidiyo, ya gama da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, sannan ya miƙa wa Buraima wayar. Tsohuwa ce ƙarama, fuska duk tamoji, ba ta jin wani yare sosai sai nata. Ranar farko da ta ga baƙin mutum ya gaishe ta da irin gaisuwar ƙauyensu, har da tambayar akuyarta, sai ta rufe baki da mayafi ta yi ta dariya. Daga nan ya zama ɗanta. Ta san sunan matarsa Mariamou, ta san lokacin da aka yi wa ɗansa kaciya, ta taɓa aiko masa da mangwaro mai yaji a kwalba. Shekara goma sha biyar suna wannan gaisuwa.

To, a watan Rajab na bara, da hantsi, ana sanyin nan na Riyad mai shiga ƙashi, Kalimu ya ajiye kwalin da ke kafaɗarsa ya zauna a kan katako, ya dafe ƙirji. Ni na ɗauke shi a gaban mota, kansa a cinyar Buraima. Ba mu kai asibiti da shi da rai ba. Shekararsa hamsin da biyu, rabonsa da gida shekara huɗu.

In baƙo Musulmi ya rasu a nan, hanya biyu ce. Ko a mayar da gawa gida, abin da ke buƙatar takardun 'yan sanda da na ofishin jakadanci da akwati da jirgi, duk a wuyan kamfani. Ko kuma iyalinsa su sa hannu a takarda cewa sun yarda a binne shi a nan, a gama cikin kwana biyu. Ba sai na faɗa muku wadda mudir ɗinmu, wato manajan kamfanin, ya fi so ba. Ya sa Firoz ya kira tsohuwar. Firoz ya buɗe murya da Bhojpurinsa yana yi mata bayani kamar mai karanta sanarwa. Ta gane abin da yake nufi sarai, ta ce masa magana ɗaya. A bayan gidansu akwai maƙabartar danginsu, mijinta na can, kuma akwai fili a gefensa. A kawo mata ɗanta ta ga fuskarsa. Ta kashe waya. Ya sake kira sau uku, ta ƙi ɗauka. Matar Kalimu kuwa ba ta da ta cewa sai abin da surukarta ta ce.

Mudir ya nemi Mahato ya kira ta da nasu yaren. Mahato ya sunkuyar da kai ya ce shi ba zai iya ba. Daga nan kamfani ya yi abin da ya fi ƙwarewa a kai, wato ya yi burus. Ba a ƙi ba, ba a kuma fara takardun ba. Kalimu yana kwance a firijin asibiti, mu muna ta lodin tayil.

Ranar kwana na goma sha biyu Buraima ya matsa na kai shi ya gan shi. Da ma ban kai shi ba. Wani ma'aikaci ya jawo aljihun ƙarfe kamar mai neman takarda a ofis, ga Kalimu cikin leda, da lamba ɗaure a yatsan ƙafa, fuskarsa ta canza launi. Buraima ya fito ya durƙusa a bakin kwata ya yi ta amai. Ku da kuke karantawa kun san yadda muke. A wurinmu mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Gawa ta kwana ma abin magana ne, balle kwana goma sha biyu ba wanka ba sallah.

"Ban iya barci, Mukhtari," ya ce a hanya. "Mutumen da munka ci tukunya guda, shina cikin ƙanƙara kamar kihi. Mi ya yi musu?"

Juma'ar da ta biyo baya muka je majalisarmu ta Utaiƙa, inda Hausawa ke taruwa bayan kasuwar kayan lambu a sha shayi a yi gulmar kafilai, wato iyayen gidanmu Larabawa. Aka kawo zancen. Nan fa kowa ya zama malami. Wani ya ce wannan wane irin jahilci ne, Allah ya yi wa mutum gata ya ɗauki ransa a ƙasa mai tsarki, a ce a mayar da shi cikin masu bautar gumaka. Wani ya ce mutanenmu nawa ne suke sayar da gona su zo su yi addu'ar su mutu a nan. Kuma in na ce wani, har da ni, nawa bakin ma ya fi na kowa ƙarfi. Ni na dafa kafaɗar Buraima na ce, "Kai kaɗai take jin maganarka. In ka bar shi a firiji, Allah zai tambaye ka." Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa daga Riyad zuwa Makka tafiyar wuni guda ce a mota. Mu dai in an ce Saudiyya, to kowane juji a cikinta Harami ne. Ba kuma wanda ya tambaya ko su Kalimu suna da tasu al'adar a kan matattunsu. Musulmi ne, mu ma Musulmi ne, don haka mun riga mun san abin da ya dace da su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a tilasta wa Buraima ba. Da ƙafarsa ya hau bene ya ƙwanƙwasa ofishin mudir ya ce shi zai yi mata magana. Mutumin da shekara goma sha bakwai bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "ya sadik", wato "kai aboki", ranar ya tashi tsaye, ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi a kofin gilashi, yana ta "ya Ibrahim, ya Ibrahim". Ashe ya san sunan. Buraima ya sauko yana jin ya yi abin kirki, ni ma haka na ɗauka.

Mahato ya tare shi a ƙofar sito. Ban ji abin da suka ce ba, don da Khortha suka yi, sai daga baya Buraima ya faɗa mini. Mahato ya ce masa ya yi haƙuri, in aka matsa wa kamfani takardun ba za su wuce mako uku ba, ya ga an yi wa wani mutumin garin Bokaro na jiharsu. Ya ce tsohuwar nan ba taurin kai take yi ba, a ƙasarsu kabari ba wurin da ake rufewa a manta ba ne, ana zuwa ana dubawa kamar ɗaki a cikin gida. Buraima ya dube shi ya ce, "Ku da ke ƙona naku, mi kunka sani ga gawar Musulmi?" Mutumin da suka kwana ɗaki guda shekara tara. Mahato ya hau injinsa ya ci gaba da aiki.

A cikin motata aka yi kiran, bayan la'asar, don nan ne babu hayaniya. Tana ganin lambar Buraima ta ɗauka. Minti arba'in suka yi, ni ina zaune a bayan sitiyari ina jin muryoyi ban san me ake cewa ba. Na ji ta yi kuka, na ji shi ma ya yi. Na ji muryarsa ta yi laushi, irin laushin da ban taɓa jin ya yi wa kowa da Hausa ba. Da suka gama ya share fuska da hularsa ya ce ta yarda. Na ce Alhamdu lillahi, na tambaye shi me ya gaya mata.

Ya ce ya gaya mata yadda ya ga Kalimu a cikin ƙanƙara. Ya gaya mata falalar ƙasar Manzon Allah. Ya yi mata alkawarin shi da hannunsa zai yi masa wanka, kuma kabarin ba zai zama maraya ba muddin yana garin nan.

"Ba ta ce a kawo shi ba?"

"Ta ce. Har sau biyu ta tambaya ko babu hanya."

"Ka ce me?"

"Na hwarko na ce da wuya. Na biyu na ce ba shi yiwuwa." Ya kalle ni. "Ba ƙarya na yi ba, Mukhtari. Ƙohwa guda na ruhe mata don ta bi wadda ta hi."

Na gyaɗa kai. Wallahi na gyaɗa kai, har da cewa Allah ya saka masa da alheri.

Takardar da ta gagara mako biyu da rabi, cikin kwana biyu ta je ta dawo da dangwalen yatsan tsohuwa da na matar. Sai ga kamfani ya iya sauri. Buraima ya yi wankan kamar yadda ya ce. Aka sallaci gawa shida tare bayan la'asar, aka wuce maƙabartar Nasim. Wanda bai taɓa ganin maƙabartar ƙasar nan ba zai sha mamaki. Fili ne fetal iya ganinka, an riga an haƙa ramuka layi-layi suna jira, ana cika wannan a matsa na gaba. Ba suna, ba rubutu, sai dutse a kai da dutse a ƙafa. Muka sa Kalimu, muka tura ƙasa, Buraima ya waiwaya ya ƙirga. Ya ce na uku ne daga tankin ruwa, a layin ƙarshe. Mahato yana can bakin ƙofa a tsaye, hannunsa a ƙirji.

A Utaiƙa kuwa Buraima ya zama gwarzo. Aka saya masa shayi da madara, wani ya ce wannan ai jihadi ne, wani ya ce ashe yaren nan na banza zai yi rana. Firoz ma ya daina yi masa tsawa. Sai dai Juma'a biyu Buraima ya kira tsohuwa, gaisuwa kawai suke yi ta ce ta gaji.

Ana saura kwana biyu tsakiyar Sha'aban ita da kanta ta kira. Ashe a wurinsu wannan rana ta matattu ce. Iyali kan je maƙabarta su share kaburburan nasu, su yayyafa ruwa, su kunna turare, su yi Fatiha, su yi wa mamaci magana. Mu ba mu san da wannan ba, ba mu kuma tambaya ba. Ta ce tun da ɗanta ba ya kusa, Buraima ya je ran nan da yamma ya tsaya a kan kabarin ya kira ta, ta gan shi ko sau ɗaya ne. Ya ce mata to.

Da ranar ta zo na kai shi bayan azahar, da tayil ɗin wasu mutane a bayan mota. Muka shiga, muka nufi inda muka sani. Babu tanki. Ashe tankin na kan tayoyi ne, ana jansa gaba duk lokacin da layi ya cika. Layin da muka bari a matsayin na ƙarshe yanzu yana tsakiya, an yi wasu da yawa a bayansa, duk ƙasa iri ɗaya, duk duwatsu iri ɗaya. Buraima ya yi gaba, ya dawo, ya tsaya a kan wani ya ce wannan ne, ya sake dubawa ya ce a'a. Muka je wurin mai gadi. Mutumin kirki ne, ya ce akwai rajista, mu kawo lambar takardar izinin binnewa ya duba mana. Takardar tana hannun mandub, wato mai bin takardun kamfani. Na kira shi. Ya ce wane Kalimu, sannan ya tuna, ya ce ai wannan fayil ɗin "halas", wato an gama da shi, an rufe an kai ma'ajiya, kuma shi yanzu yana cin abinci.

Muna tsaye a tsakiyar filin wayar Buraima ta fara ƙara. Ya dube ni, fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa toka. Ni kuwa, don ku san irin mutumin da ke ba ku labarin nan, sai na ce masa, "Nuna mata kowanne mana. Ina za ta sani?"

Ya ɗauki kiran. Na leƙa ta kafaɗarsa na ga tsohuwa cikin farin mayafi, matar Kalimu da 'yan matan biyu a bayanta, a ƙarƙashin wata bishiya. Can rana ta kusa faɗuwa. A gabansu akwai kabari a share tas, an yayyafa masa ruwa, sandunan turare suna hayaƙi a kansa. A gefensa ga wani fili, shi ma an share shi. Buraima ya juya wayar, ya ɗaga ta sama, ya bi da ita a hankali daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan. Sannan ya yi magana, gajeriya. Ta yi tambaya, ya amsa da kalma ɗaya. Matar Kalimu ta fashe da kuka, amma tsohuwar ko hawaye ban gani ba. Ta yi magana a hankali, ba ta ɗaga murya ba, sannan fuskar wayar ta yi baƙi.

Na ce, "Me ta ce?"

Ya sauke wayar, ya juyo gare ni.

"Na gaya mata ban san wane ba ne. Ta ce, ashe da ana iya kawo shi? Na ce i." Ya ci gaba da cewa, "Ta ce da Firoz ne ya ce ba shi yiwuwa, da ta san ƙarya ce, da ta jira ko shekara ce. Ta ce bakin gida ta ji, shi ya sa ta dangwala."

Ina jin ƙyamar kaina kamar na taka wani abu da ƙafa ba takalmi.

"Ta ce kuma, tun da ban san nashi ba, in bi su duka. In yi ma kowane Fatiha, in gaya mishi da yarenmu uwarshi na gaishe shi. Ta ce duk ƙasar ga ba mai jin yaren sai shi, in na zo kanshi zai gane."

Ya miƙa mini wayar da hularsa, ya cire takalmi. Ya koma farkon layin da muke zato, ya durƙusa a kan kabarin farko, na wani bawan Allah da ba mu sani ba, ya ɗaga hannu ya yi Fatiha, ya sunkuya ya faɗi abin da aka aiko shi da Khortha. Ya tashi ya matsa na biyu. Na ce masa Buraima, layukan nan sun fi goma, kowanne ya fi kabari hamsin. Ko waiwayowa bai yi ba.

Na koma mota na zauna. Mudir ya kira sau huɗu yana tambayar ina tayil ɗin mutane, na kife wayar a kan kujera. Ta gilashi ina hango shi, dogon mutum yana durƙusawa yana tashi, yana durƙusawa yana tashi. Da aka kira magariba yana layi na uku.